Aske gefen rubutu

Mu da ke rubuta manhajar lissafi wa 'yan kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, ba mu cika ƙirƙirar komai daga tushe ba. Buɗaɗɗiyar manhaja muke ɗauka, irin wadda kowa ke iya karantawa ya turo gyara, wani ya duba kafin a karɓa. A cikin gyare-gyaren nan babu wanda ake rainawa kamar na ɗan umarnin da ke aske sararin da ya maƙale a gefen rubutu, don kada "Musa" da "Musa " su zama mutum biyu a littafin bashi.

Kafin 2009 JavaScript ba shi da wannan umarni, kowa da irin askinsa, wasu kuma su aro na jQuery. Da aka shigar da shi da sunan trim cikin harshen a shekarar, sai muka ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Ranar 20 ga Yuli, 2016, shafin Stack Overflow ya tsaya cak na minti 34, saboda wani rubutu mai sarari kusan 20,000 a jere. Umarnin askinsu ya riƙa bin sararin nan yana komawa baya yana sake farawa, har injinan suka shaƙe. Tun daga nan mai duba gyara na ƙwarai yakan tambaya: in rubutun ya yi tsawo fa?

Namu ciwon daban ne. A Python, umarnin aski na lstrip ba kalma yake cirewa ba, haruffan da ka ba shi yake ci ɗaya bayan ɗaya har ya ci karo da baƙo. Yaro ya turo gyara don cire laƙabi daga sunayen abokan ciniki, ya gwada da Alhaji Musa, ya fito daidai. Sa masa Alhaji Aliyu: "yu" kawai zai rage. Alhaji Ali kuwa ya ɓace ɗungurungum, bashinsa na nan, ba mai shi. Sai a 2020, a Python 3.9, aka kawo removeprefix don wannan matsala.

Ga kuma masu share alamomin gefe, su mayar da 'Yankaba Yankaba, 'ya'ya su koma ya'ya. Ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci a UTF-8, don haka mai datse suna da ƙirgen bayit don ya shiga rasit yana iya raba harafi gida biyu, firinta ta tofo alamar tambaya. Wanda ya rubuta gwajin manhajar a Turai ba laifinsa ba ne, bai taɓa sayar wa Ɗanladi buhun sukari ba. Shi ya sa in irin wannan gyara ya zo hannuna, layi uku ne ko ɗaya, ba na sa hannu sai an ƙara sunayen mutanenmu a cikin gwajin, an sake gudanar da shi a gabana.