Helen Taussig, Likitar Da Ke Jin Zuciya Da Yatsunta

Mu marubuta kullum zancen zuciya muke a littafi, to yau tarihin wata likitar zuciya zan kawo muku.

An haifi Helen Taussig a Amurka a 1898. Tana da shekara 11 tarin fuka ya yi ajalin mahaifiyarta, ga haruffa suna rikice mata in tana karatu. A lokacin Harvard ba ta ba wa mace digirin likita, sai ta tafi Johns Hopkins ta kammala a 1927. Da kunnenta ya soma mutuwa, sai ta koyi jin bugun zuciyar jarirai da yatsunta.

Akwai jariran da leɓensu da farcensu kan yi shuɗi, da yawansu ba sa rayuwa. Ita ta gane cewa jinin da ke isa huhunsu ne bai wadatar ba. Ta shawarci likitan fiɗa Alfred Blalock a buɗe wa jinin wata hanya, Vivien Thomas, baƙar fata marar digirin likita, ya gwada dabarar a jikin karnuka. Ranar 29 ga Nuwamba 1944 aka yi wa jaririyar farko aikin.

A 1962 ta je Jamus ta ga yadda maganin thalidomide ke nakasa 'ya'yan da ke ciki, ta dawo ta gargaɗi Amurka. Ta rasu a hatsarin mota a 1986.

Don haka iyaye mata, in jariri yana shuɗewa yana haki wajen shan nono, a garzaya da shi asibiti.