Daga Kwalbar Gwaji Zuwa Asibitin Anka: Tarihin Rukunin Tayol da Gubar Dalma a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wani ɗan ƙaramin darasi na ilmin kimiyyar haɗa sinadarai, wato gwajin da ake yi domin gane rukunin atam ɗin da ke ba kowane sinadari halinsa. Sau da yawa ɗalibanmu na kwalejojin ilmi sukan haddace wannan darasi domin jarrabawa kurum. Za mu nuna cewa rayukan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum, maƙwabtan Gummi, sun rataya a kansa.

Gwaje-gwaje Biyu

Gwaji na farko ba baƙo ba ne a gidajenmu. Idan aka jefa kanwa cikin ruwan tsamiya, sai a ga kumfa ta taso. Wannan kumfa iskar kabon-dayoksaid ce, kuma ita ce shaidar rukunin kabokzil, wanda ke sa asid tsami. Gwaji na biyu na rukunin tayol ne, wato atam ɗin farar wuta haɗe da na haidurojin. Idan aka ɗiga masa ruwan gishirin dalma, sai wani gari rawaya ya kwanta a gindin kwalba, domin farar wuta ta cafke dalma. Tun a farkon shekarun 1830 masani Zeise na ƙasar Danmak ya lura da yadda irin waɗannan sinadarai ke riƙe zaiba, har ya raɗa musu suna da Latin mai ma'anar “mai kama zaiba”.

Daga Fagen Yaƙi Zuwa Magani

A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila tana fargabar a jefa mata wata guba mai ɗauke da asenik. Rudolph Peters da abokan aikinsa a Jami'ar Oksfod suka fahimci cewa gubar tana illa ne ta hanyar kama tayol ɗin da ke jikin ɗan Adam. Sai suka haɗa magani mai tayol biyu, wanda aka fi sani da BAL, domin ya janye gubar zuwa gare shi. Aibinsa shi ne sai an narka shi cikin man gyaɗa an yi allura mai zafi. A ƙarshen shekarun 1950 masana a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka nuna amfanin wani ɗan'uwansa, DMSA, wanda ake haɗiya. A 1991 Amurka ta amince a riƙa ba yara shi idan dalmar jininsu ta haura maikurogiram 45 a kowace desilita.

Abin lura a nan shi ne, ginin DMSA daidai yake da na asid ɗin da ke cikin tsamiya, sai dai inda tsamiya ke da rukunin haidurokzil biyu, shi yana da tayol biyu. Tayol ke kama dalma, kabokzil kuma ya sa abin da aka kama ya narke cikin ruwa ya fita ta fitsari. Saboda haka tsamiya ba ta zama madadin wannan magani ba, komai kamannin da ke tsakaninsu.

Annobar 2010

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa duwatsun zinariya da ake daka wa da niƙawa cikin gidaje suna cike da dalma, ƙurar kuma tana bin hannu da abinci zuwa cikin yara. A Dareta da 'Yargalma jinin yara da dama ya wuce ma'auni 65, iyakar abin da na'urar gwaji ta tafi-da-gidanka ke iya karantawa. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. Aka buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, aka ba dubban yara DMSA. Amma magani ba ya amfanar yaron da zai koma gida mai guba, don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai 2013, kuma yaranta sun yi ta jira har lokacin. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar.

Kammalawa

Mun ga yadda garin rawayan da ɗalibi ke gani a kwalba ya zama tushen maganin da aka ba yaran Zamfara fiye da shekara 170 bayan Zeise. Shawararmu ga malamai 'yan'uwanmu ita ce, duk ranar da za a koyar da gwajin kabokzil da na tayol, a zo aji da kanwa da tsamiya, a kuma ba da labarin Bagega. Ɗaliban nan su ne za su koyar a makarantun ƙauyukan da har yanzu ake haƙar zinariya.