Araha Ta Yi Ado: Tarihin Jitar Cinya ta Hawai

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. To, amma idan muka bi diddigin wani abin kiɗa da ake kira jitar Hawai, za mu ga inda wannan karin magana ya gaza. Ita dai jita ce da ake kwantarwa a kan cinya, tsarkiyoyinta na kallon sama. Makaɗi yakan riƙe wani guntun ƙarfe mai sulɓi a hannun hagu, yana jan sa a bisa tsarkiyoyin, yayin da yatsun dama ke kaɗa su. Sautin da ke fita yakan yi lilo daga wannan murya zuwa waccan, kamar na mai rera waƙa cikin shauƙi.

Mafarin abin shi ne tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Fasifik. Wanda tarihi ya fi danganta shi da ƙagowar wannan salo shi ne Joseph Kekuku, wanda aka haifa a 1874 a garin Laie na tsibirin Oahu. Yana ɗalibi a makarantar Kamehameha da ke Honolulu, wajen 1889, ya duƙufa gwada ƙarafa iri-iri a kan jitarsa. Ya ɗaga tsarkiyoyin sama kaɗan don kada ƙarfen ya bugi itacen, ya kuma koya wa 'yan makarantarsu. Da suka koma tsibiransu, sai suka tafi da salon.

Ya kamata mu lura da zamanin da wannan ya faru. A 1893 aka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani daga mulki. A 1896 aka yi dokar da ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu, harshen Hawai ya koma gefe. A 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Ke nan, a daidai lokacin da ake toshe bakin al'umma a cikin aji, sai ga jitar wani ɗalibi ta buɗe mata wata ƙofar.

Kekuku ya ƙaura zuwa babban yankin Amurka a 1904, daga baya ya zaga Turai yana wasa. Baje kolin duniya da aka yi a San Faransisko a 1915 ya ƙara fito da kiɗan Hawai, har Amurkawa suka yi ta rububin sayen faya-fayansa.

Sai dai jin kiɗa daban, iya shi daban. Abin da ya shigar da jitar cikin gidajen talakawa shi ne sauƙin kuɗinta. Duk mai tsohuwar jita yana iya sayen wani ɗan ƙarfe da ake ɗorawa a wuyanta ya ɗaga tsarkiyoyin, shi ke nan ta zama ta cinya. A 1926 aka kafa kamfanin Oahu, wanda ya riƙa sayar da jitoci masu araha haɗe da darussa. Iyaye na biya kaɗan-kaɗan, yara na zuwa aji. An rubuta darussan da lambobi, ta yadda yaro zai iya bi ko da bai san rubutun kiɗa na Turawa ba. Da yake ana ɗaure tsarkiyoyin a kan muryoyi masu jituwa, tun ranar farko mai koyo yakan fitar da sauti mai daɗi. Wahalar tana gaba, domin ƙarfen ba shi da matsaya. Kunne kaɗai ke gaya wa hannu inda zai tsaya, kamar dai yadda lamarin yake ga mai goge.

Matsalar jitar ita ce ƙarancin amo a cikin taron makaɗa. Wannan ta sa George Beauchamp ya haɗa mata maganaɗisu da aka naɗe da waya, mai mayar da girgizar tsarkiya ta zama lantarki. A 1932 kamfanin da ya yi suna da Rickenbacker ya fara sayar da ita, aka yi mata laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Ita ce jitar lantarki ta farko da ta karɓu a kasuwa. Daga nan salon ya shiga kiɗan karkara na Amurka da waƙoƙin finafinan Indiya, waɗanda da yawanmu muka tashi muna ji. Ƙanwarta mai matakan ƙafa kuwa ta iso Nijeriya, inda Demola Adepoju ya kaɗa ta a ƙungiyar King Sunny Ade.

A shekarar da kaskon suya ya shiga kasuwa, wato 1932, Kekuku ya rasu a jihar New Jersey, nesa da gida. Kamfanoni suka ci kasuwarsu da sunan tsibirinsa, ɗimbin yaran da suka koyi salonsa kuwa ba su ko san sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1978 harshen Hawai ya zama harshen hukuma a jihar, sannan a 2015 aka kafa mutum-mutumin Kekuku a Laie, garin da aka haife shi.