Illolin Da Magungunan Hawan Jini Da Ciwon Zuciya Kan Yi Wa Fata

Magungunan hawan jini da na ciwon zuciya na kare majinyaci daga shanyewar ɓarin jiki da gazawar ƙoda, sai dai wasunsu kan bar alama a fata. Galibin alamomin masu sauƙi ne, amma akwai waɗanda ke buƙatar gaggawa.

Mafi haɗari shi ne kumburin leɓe da harshe da fuska da Lisinopril da Enalapril da Captopril kan haddasa. Waɗannan magunguna na hana jiki rushe sinadarin da ake kira bradikinin, sai ya taru ya sa ruwa ya tsattsafo ƙarƙashin fata. Kumburin ya fi samun baƙar fata, kuma yakan zo ko bayan an daɗe ana shan maganin. Idan ya kai maƙogwaro yana iya toshe numfashi.

Amlodipine da Nifedipine na buɗe jijiyoyin jini, abin da kan jawo kumburin idon sawu da zafin fuska, wani lokaci har da kaurin dasashi.

Hydrochlorothiazide, mai sa yawan fitsari, kan sa fata ta kasa jure rana. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗin cewa daɗewa ana shansa na ƙara haɗarin wasu nau'o'in kansar fata, gargaɗin da ya kamata zabiya su riƙe sosai. Shi ma Amiodarone, mai daidaita bugun zuciya, kan sa rana ta ƙona fata, har wurin ya rikiɗe ya yi ruwan toka.

Atenolol da Propranolol kan sanyaya tafin hannu da ƙafa, su kuma tsananta cutar fata mai ɓawo da ake kira soriyasis. Warfarin, mai tsinka jini, kan sa jini ya kwanta ƙarƙashin fata da ɗan bugu kaɗan.

Duk wanda ya ga ƙuraje ko ƙaiƙayi kada ya daina shan magani da kansa, musamman Atenolol da danginsa, domin yankewa farat ɗaya na iya tayar da ciwon zuciya. Ya kai wa likita kwalin maganin don a sauya masa. Amma idan harshe ya kumbura, ko fata ta fara saɓulewa tare da zazzaɓi da gyambon baki, kada a ƙara shan ko ƙwaya ɗaya, a garzaya asibiti. Hukumar NAFDAC na karɓar rahoton irin waɗannan illoli.