Wasiyyar da Kowa ke Iya Karantawa

A Ingila, da zarar kotu ta tabbatar da wasiyyar mamaci, takardar ta tashi daga sirrin iyali. Kowa na iya biyan kuɗi ya karɓi kwafinta, dangi ne ko bare, ba kuma mai tambayarsa dalili. Ga irina da ya saba ganin rabon gado a zaure, daga malami sai magada, abin da ɗaure kai.

Kafin 1858, harkar wasiyya a hannun kotunan coci take. Babbarsu ita ce ta babban limamin Canterbury, mai ofis a Doctors' Commons, kusa da majami'ar St Paul a Landan. Charles Dickens ya yi aikin ɗaukar rahoto a wurin yana saurayi, daga baya ya yi masa tsiya a littafinsa David Copperfield: an jibge wasiyyoyin jama'a a ginin da gobara za ta iya lashewa, manya na kwasar albashi ba aikin fari bare na baƙi, ƙananan akawu na shan wahala. Dokar 1857 ce ta karɓe aikin daga coci, aka buɗe rajistar gwamnati a Janairun 1858.

A 1874 aka kwashe takardun zuwa Somerset House. Sule ɗaya mutum zai biya a ɗauko masa wasiyyar da yake so, jaridu kuma suka mai da shi sana'a, suna buga abin da wane ya bari da wanda ya bar wa. Dickens kansa bai tsira ba. Da ya mutu a 1870, sunan da ya fara zuwa cikin masu rabo shi ne na Ellen Ternan, 'yar wasan da ya yi shekaru yana ɓoye alaƙarsu: fam 1,000.

A ganina ba gulma ce ta haifi wannan tsari ba. A shari'ar Musulunci rabon kowane magaji a yanke yake, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji. Baturen Ingila kuwa yana iya tsallake 'ya'yansa ya bar wa maƙwabci gida. Inda takarda guda ke da wannan ƙarfi, dole a bar ido a kanta, don mai bin bashi da wanda aka yi wa alkawari su gane ko wanda aka damƙa wa amanar rabon ya yi rufa-rufa.

Gidan sarauta ne kaɗai ya saba zamewa. Yarima Francis na Teck, ƙanen Sarauniya Mary, ya mutu a 1910, ya bar duwatsun zumurrudu na gidansu ga wata matar aure da ake cewa farkarsa ce. Aka roƙi kotu ta rufe wasiyyar, ta rufe, abin ya zama al'ada. A 2021 alƙali Andrew McFarlane ya rufe ta Yarima Philip har shekara 90, don kare martabar matarsa Sarauniya, ya kuma ce akwatin ƙarfen da ke hannunsa na ɗauke da ambulan irin wannan sama da 30. Jaridar Guardian ta ƙalubalanci yadda kotu ta yi wannan zaman a sirrance, ta sha kaye a 2022. Ta Gimbiya Diana kuwa a buɗe take tun 1998.

Hujjar martaba ba ta gamsar da ni ba. Manomi da birkila ma suna da abin kunyar da za su so a binne su da shi, doka ta ce gaskiyar rabo ta fi shi nauyi. In haka ne, masu dukiyar da ta fi ta kowa su ya kamata su fara miƙa tasu takardar.