Daga Sango Zuwa Harsashi Mai Tsini: Me Ya Sa Bindigar Maharbanmu Ba Ta Cin Nesa?

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ko na Sallar Gani a Daura ya san ƙarar bindigar gargajiya, wadda ake kira bindigar toka ko harba-ka-ruga. Ƙara kamar tsawa, hayaƙi ya turnuƙe wuri, dawaki su yi ta zabura. Amma da za a ɗura mata harsashi, a ajiye tulu a nisan mita 150 a ce mai ita ya fasa, to sai dai in sa'a ta gifta. Bindigar farauta ta zamani kuwa, a hannun gwani, tana iya zuba harsashi biyar cikin faɗin tafin hannu daga nisan mita 300. Yawan albarushi ba shi ne ya raba su ba. Babban bambancin yana jikin harsashin: siffarsa, nauyinsa, da irin juyin da yake yi a iska.

Bari mu fara da sunayen, domin su ma tarihi ne. Bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya, ita kuma daga bunduƙ, wani ɗan itace mai kamar gujiya wanda ake kiran ƙananan dunƙulen harbi da sunansa. Albarushi daga al-barud. Harsashi kuwa daga ar-rasas, wato dalma. Ka ga ke nan sunayen sun nuna mana hanyar da kayan suka fara biyowa: ta hamada, daga Tarabulus da Masar. Mai Idris Alauma na Barno ya samu bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi a ƙarshen ƙarni na 16. Kundin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne sarkin Kano na farko da ya ajiye rundunar 'yan bindiga masu tsaronsa. A wancan zamanin, ka lura, "'yan bindiga" sunan dakarun fada ne, ba ma'anar da labarai suka ba kalmar yau ba.

Ga mutanen ƙasar Daura, maƙwabcin da ya fi kowa sanin darajar bindiga shi ne Damagaram. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, ya kuma sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a cikin birnin Zinder. Zango da Ɓaure, inda zuriyar sarakunan Daura na Haɓe suka zauna bayan jihadi, sun daɗe a ƙarƙashin inuwar wannan ƙarfi. Daga kudu kuma wata bindigar ta riƙa shigowa ta hannun Nufawa da Yarbawa, mai dogon baki da ƙanƙarar ƙyasta wuta, wadda Turawa ke dangantawa da 'yan kasuwar Denmak na gaɓar Ankara. Maƙeranmu sun koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta.

To, ina matsalar? Cikin bututun wannan bindiga sumul yake, kuma ta baki ake ɗura ta. Dole harsashin ya fi ramin ƙanƙanta, in ba haka ba ba zai shiga ba, balle idan tokar albarushi ta taru bayan harbi biyu ko uku. Bindigar sojan Ingila ta ƙarni na 18, alal misali, faɗin raminta kusan milimita 19 ne, harsashinta kuwa kusan 17.5. Idan aka harba, dunƙulen yana tafe yana gwaruwa da bangon bututun, sama da ƙasa, hagu da dama. Gefen da ya goga na ƙarshe shi ke yanke irin juyin da zai fita da shi, kuma babu mai iya sanin wane gefe ne.

Idan kana kallon ƙwallo ka riga ka san sauran bayanin. Ɗan wasa ya buga ƙwallo ta gefe, tana juyi, sai ta lanƙwasa ta kewaye katangar masu tsaro. Abu mai juyi yana jan iska ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, iskar kuma ta ture shi. Wani Bature ɗan Ingila, Benjamin Robins, wanda ya buga littafinsa kan ilimin harbi a 1742, ya gwada wannan ta wata hanya mai ban sha'awa: ya lanƙwasa bakin bindiga kaɗan zuwa hagu ya harba, sai harsashin ya ƙare da karkata zuwa dama, saboda gogar bangon dama ta sa shi juyin da ya ja shi can. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1852, Bajamushe Gustav Magnus ya yi bayanin abin a ɗakin gwaji, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Shi ɗan ƙwallo ya san inda zai lanƙwasa ta. Maharbi bai sani ba. Sannan ka ƙara da cewa dalma ba kullum take samuwa ba, sau da yawa guntayen ƙarfe ko ƙusoshi ake ɗurawa, kowanne da siffarsa, kowanne da inda zai nufa.

Maharbin Hausa bai jira kimiyya ta warware masa wannan ba. Abin da ya yi shi ne ya rage nisan. Ya sassaƙa kan burtu da itace, ya lulluɓe shi da fata, ya ɗaura a goshi, ya duƙa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya shiga jikin gwanki ko barewa. Yana lura da inda iska ke kaɗawa don kada warinsa ya riga shi isa. A nisan taku ashirin ko talatin, karkatar harsashi ba ta da wani tasiri.

Dabara ta biyu ita ce dafi. Ana dafa 'ya'yan ƙwanƙwani a shafa wa kibiya, kuma sinadarin da ke ciki, istirofantin, kai tsaye yake taɓa bugun zuciya. Likitocin Turai ma sun yi amfani da shi a matsayin maganin zuciya tun ƙarshen ƙarni na 19, bayan binciken Thomas Fraser a Edinbura. Da dafi, ba sai ka sami maƙasa daidai ba, ya isa ƙarfen ya huda fata ya kai ga jini. Da bindiga ta zo, sai maharban giwa suka haɗa biyun: suka riƙa cusa sango, wani gajeren mashi mai dafi, a bakin bindiga a maimakon harsashi. A ganina wannan ita ce ƙirƙira mafi wayo a duk labarin. Sango dogo ne, mai nauyi, siriri. Wato ba tare da lissafi ba sun gano abin da injiniyoyi ke kira nauyi bisa faɗin gaba, wanda shi ne sirrin huda. Za mu dawo kansa.

Turawan da suka shigo Afirka neman haure da farko ƙarfi suka sa. Frederick Selous, a shekarun 1870, ya yi farautar giwa da bindigar da harsashinta ɗaya ya kai kwatan laba, kimanin giram 113. Irin wannan bindiga takan jefar da mai ita ƙasa, kuma duk da haka sai an matsa kusa. Gyaran gaskiya ta wani wajen ya zo.

Tun wajen shekarar 1500 maƙeran ƙasashen Jamus suka san cewa idan aka yanka tsagogi masu murɗewa a cikin bututu, harsashin zai fita yana juyi a kan tsayinsa. Ka tuna katantanwa: muddin tana juyi da sauri tana tsaye a kan tsininta, da ta rage gudu sai ta fara tangaɗi ta faɗi. Haka harsashi yake. Matsalar ita ce sai ya matse a cikin bututun kafin ya kama tsagogin, ɗura shi ta baki kuwa sai da dukan guduma. A 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashi mai ɗan tsayi da rami a gindi. Yana shiga a sake, amma da albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya cika tsagogin. Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A 1882 Eduard Rubin na Suwizalan ya sa wa dalma rigar tagulla don kada ta narke ta shafe bututu. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda ya ba harsashi gudun da ba a taɓa gani ba. A 1898 Faransa ta fitar da harsashi mai tsinin baki da siririn gindi, Jamus ta bi da nata mai tsini a 1905.

Ga ɗan lissafi don ka ji girman juyin. Harsashin da ya fita da gudun mita 800 a daƙiƙa, daga bututun da tsagarsa ke kammala zagaye ɗaya a kowace santimita 25, yana juyi sau 3,200 a daƙiƙa guda. A minti ɗaya sau 192,000 ke nan.

Yanzu ga batun nauyi, wanda a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Hankali yana ba ka cewa harsashi marar nauyi ya fi zuwa nesa tunda ya fi gudu. A bakin bindiga ya fi gudu, haka ne. Amma iska tana tare harsashi ne gwargwadon faɗin gabansa, shi kuma yana jure mata gwargwadon nauyinsa. Ɗauki harsashi biyu masu kauri ɗaya, ɗaya gajere ɗaya dogo. Iska ɗaya suke turewa, amma dogon ya fi nauyi, don haka ya fi jinkirin rasa gudunsa. A wani nisa sai ka tarar ya fi gajeren gudu, kuma iskar gefe ba ta kaɗa shi da yawa. Shi ya sa ake son dalma, wadda kowane santimita mai siffar ɗan lido nata ya kai giram 11.3, alhali baƙin ƙarfe 7.9 ne. Sai dai dogon harsashi ya fi saurin tuntsurawa, saboda haka yana buƙatar tsaga mai murɗewa sosai. Idan aka sa shi a bututun da juyinsa bai isa ba, a kaikaice zai isa. Faɗuwa kuwa babu wanda ya tsira daga gare ta: duk harsashin da ya yi rabin daƙiƙa a iska ya sauka fiye da mita ɗaya daga layin da bututu ya nuna, mai nauyi ne ko marar nauyi.

Wannan nauyi bisa faɗin gaba shi ne kuma ke sa harsashi ya ratsa ƙashi. Wani ɗan Sikotilan, W.D.M. Bell, ya kashe giwaye 1,011 a farkon ƙarni na 20, kimanin 800 daga ciki da ƙaramar bindiga mai milimita 7 da harsashi mai giram 11 kacal, kashi ɗaya cikin goma na wanda Selous ya yi amfani da shi. Dogo ne, mai tauri, ba ya fashewa. Kuma Bell ba daga nesa yake harbi ba. Ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take, sannan ya riƙa matsawa kusa ƙwarai, kamar dai mai burtu. Shi ya sa nake ganin yayin nan na harbin dabba daga mita 600 ko 800 ya fi kama da gasar saiti fiye da farauta. Harsashi yakan yi kusan daƙiƙa guda kafin ya isa, a cikin wannan lokaci dabba ta isa ta ɗaga ƙafa ta yi taku, abin da aka nufa da ƙirji ya sami ciki, ta shige daji da rauni.

Me ya sa wannan ci gaba bai iso hannun maharbin Daura ba? Doka ce ta tare shi. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu tsaga da masu ɗuri ta baya a mafi yawan nahiyar, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Da rundunar Lugga ta iso Kano da Sakkwato a 1903, an ga abin da wannan giɓi ke nufi a fagen yaƙi. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ma ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a wani aji na daban, ita ce mai sauƙin samun lasisi. Har gobe maharba da 'yan sa-kai da ke tsaron ƙauyukan Katsina da yawansu ita ce a kafaɗarsu, suna fuskantar masu AK-47 da ke iya samun mutum daga mita 300.

Manyan namun dajin da aka yi duk wannan dabara dominsu kuwa sun ƙare a wannan yanki, kuma noma da sare daji sun yi ɓarnar da ba ta gaza ta bindiga ba. A 1851 Heinrich Barth ya ƙirga giwaye 96 a garke ɗaya kusa da Tafkin Cadi. Giwayen dajin Rugu sun riƙa ƙetarawa zuwa Babban Rafi, kudu da Maraɗi, a shekarun 1980, yau kuma mai son ganin garken giwa a arewacin Nijeriya sai ya nufi Yankari. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, waɗanda a da suka bazu daga Senegal zuwa Cadi, sun ragu zuwa 49 a 1996, dukkansu a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsaurara hana harbinsu, aka kuma jawo manoman wurin cikin aikin kula da su, adadinsu ya haura 600.