Antariksha: Tsakanin Sama da Ƙasa

Idan hadari ya haɗo a Kasuwar Kwastam ta Maiduguri, 'yan tebur su ɗaga kai sama, su hau tattara kaya. Wannan "sama" tamu, da ake dangantawa da Larabci, ta haɗe komai, gajimare da taurari duka. Indiyawan dā kuwa kashi uku suka yi a littattafan Veda: ƙasa, sama, sai antariksha a tsakiya, daga kalmar "antar" ta harshen Sanskirit, wato tsakani. Nan ne mazaunin iska, ruwa da tsawa, inda mabiya Hindu suka sanya allolinsu Vayu da Indra. Yau a harshen Hindi kalmar antariksha sararin samaniya take nufi, tana ma cikin sunan Hindi na ISRO, hukumar binciken sararin samaniya ta Indiya, wadda aka kafa a 1969.